Gidan Gadon da Ya Yi Kwantai a Kano, da Abin da Aka Gyara Kafin a Sallama

Gidan yana yankin Tarauni a Kano, layi na uku daga bakin titi. Awon gwamnati ne, ƙafa 50 faɗi, 100 tsawo, kuma da satifiket ɗinsa. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya gina shi a farkon shekarun 1980, irin ginin wancan zamani: soro, tsakar gida mai faɗi, ciki da falo biyu, ɗakuna uku a jere, kicin a gefe, banɗaki biyu, rijiya a kusurwa. Daga baya 'ya'yan suka fitar da shago biyu a gaba. Da mai gidan ya rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, iyayensa kuwa sun riga shi. Lissafin ba shi da wuya. Hajiya ta ɗauki tumuninta, ɗaya bisa takwas, sauran a kasa goma, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Matsalar ita ce gini ɗaya ba ya rabuwa gida goma, kuma babu wanda yake da ƙarfin biyan 'yan'uwansa ya riƙe gidan. Aka tsaya a kan a sayar.

Fitarwa ta farko

A ƙarshen 2023 aka fitar da gidan, in ma za a kira wannan fitarwa. Babban ɗan ya gaya wa wani dillali a majalisarsu. Ƙaninsa ya gaya wa wani daban. Mijin ɗaya daga cikin matan shi ma ya san wani. Kafin a ankara gidan ya shiga hannun dillalai barkatai, kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin da aka gaya masa. Mutum ɗaya sai ya ji farashi uku a kan gida guda cikin mako ɗaya. Wanda ya ji haka ba ya cewa masu gida sun yi sakaci. Cewa yake ko dai akwai cuta a ciki, ko kuwa masu gidan a matse suke, don haka sai ya taya a wulaƙance.

Wanda ya zo dubawa kuma, ga abin da yake tararwa. A soro akwai tsohuwar Vespa da ta shekara goma ba ta tashi ba, da karyayyun kujeru, da buhunan da ba wanda ya san me ke cikinsu, har sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Yana shiga tsakar gida warin turken tumaki ya tare shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin da ya fi shi nauyi, na sokawe da ta cika. Gindin bangon yamma ya yi baƙi har zuwa gwiwa, fulasta ta kumbura tana zubowa kamar gari in an taɓa. Silin ɗin falo yana da taswirar yoyo. Ɗakin marigayin a kulle yake, ba a buɗe wa kowa. Kuma da yake Hajiya da jikoki mata suna ciki, sai an yi sallama an jira, wani lokaci a ce a dawo gobe. Mutane da yawa ba su dawo goben ba.

Duk da haka an sami mai saye na gaske, wani ɗan kasuwar Kantin Kwari. Bai damu da wari ko tarkace ba, shi fili da unguwa ya gani. Ya yi tayi mai ma'ana, sannan ya tura lauyansa bincike a ma'aikatar ƙasa. Nan ne cinikin ya mutu.

Takarda

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Satifiket izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, kuma ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa a kan takardar da aka nuna masa a falo. Fayil ɗin gidan yake nema a ma'aikata, ko a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano.

Fayil ɗin wannan gida ya nuna cewa a jingine yake. Marigayin ya taɓa ajiye satifiket ɗin a wani banki a shekarun 1990 ya karɓi rance. Ya biya tas, aka mayar masa da takardarsa, amma ba wanda ya je ya soke jinginar a rajista. Bankin kuwa ya narke cikin wani a haɗewar bankuna ta 2005, lokacin da bankuna 89 suka koma 25. Magadan ba su ma san an taɓa yin wannan rance ba.

Kafin a farfaɗo daga wannan, sai ga waya daga Fatakwal, inda ɗaya daga cikin matan take aure. Ba wanda ya zauna da ita a kan maganar sayarwa. A sitatus ɗin WhatsApp na wata tsohuwar maƙwabciya ta ga hoton ƙofar gidansu da lambar dillali. Abin da ta ce wa wanta ke nan: "Yaya, ni a waya zan ga ana tallan gidan ubana?" Ba sayarwar take ƙi ba, raini ne ta ƙi, ta kuma ce ba za ta sa hannu a komai ba. Ɗan kasuwar ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ya janye. Cikin kwanaki kaɗan labari ya zaga dillalai cewa gidan akwai rigima. Daga nan tayin da ake yi bai ƙara kai kashi biyu cikin uku na abin da iyalin suka sa a rai ba. Gida ya yi kwantai.

Shawarar da ta fi kowace amfani a duk wannan lamari ita ce janye gidan daga kasuwa gaba ɗaya a farkon 2024. Aka kira dillalan ɗaya bayan ɗaya aka ce an fasa, a sauke hotuna. Ƙanin ya ji zafin haka, don yana da buƙatar kuɗi. Amma gidan da ya daɗe a bakin dillalai ƙara arha yake kowane wata, ko da ba abin da ya same shi.

Babban ɗan ya yi tattaki har Fatakwal. Bayan nan aka je kotun shari'a, kowane magaji ya bayyana ko ya aiko wakili da takardar wakilci. Alƙali ya tabbatar da magada da kason kowa, ya tambaya ko akwai bashi ko wasiyya, tunda su ake fara fitarwa kafin rabo, ya kuma tambaya ko a cikinsu akwai mai son ya saya a kan ƙimar da za a yi. Kowa ya ce a'a, aka rubuta. Aka wakilta mutum biyu, babban ɗan da babbar 'yar, su yi magana da yawun kowa. Sanya mace a cikin wakilan ba ado ba ne. Shi ya kwantar da hankalin sauran matan uku.

Takardar shaidar biyan rancen kuwa a cikin wata adaka aka same ta, a ɗakin nan da ake kullewa, tsakanin tsofaffin rasitan makaranta da katin asibiti. Saura ƙiris samari su haɗa adakar da tarkacen soro su cinna wa takardun wuta. Da ita lauya ya bi bankin da ya gaji wancan, aka sami takardar sakin jingina, aka kai rajista. Wannan kaɗai ya ci watanni. Aka biya kuɗin ƙasa na shekarun da suka taru, aka biya tsohon bashin wuta, aka adana kowane rasit.

Sai shaguna. Tun rusau ɗin da gwamnatin Kano ta fara a watan Yunin 2023, wanda ya ci gine-ginen Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, mai sayen gida a Kano ya koyi kallon gaban gini kafin cikinsa, yana neman jan fentin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko abin da zai jawo shi. Shagunan wannan gida suna da dakali da rumfar kwano da suka hau kan magudanar ruwan layi. Aka kawo mai safiyo ya tono turakun iyaka, ɗaya ma a ƙarƙashin dakalin aka same shi. Shagunan suna cikin fili, dakali da rumfa ne suka fita. Iyalin suka rushe su da hannunsu. Telan da ke shago ɗaya, da kuɗinsa ya ƙare ba a sabunta masa ba. Mai kayan masarufi aka mayar da shi biyan wata-wata, a rubuce, da sharaɗin zai tashi in sabon mai gida ya buƙata.

Me za a gyara, me za a bari

A nan aka fi kai ruwa rana. Ƙanin yana ganin a zuba tayil ko'ina, a yi silin na zamani da fitilu, a sa sabon get, a shimfiɗa intalok a tsakar gida. Ya ga irin gidajen da ake nunawa a TikTok, yana ganin su ne kasuwa. A lokacin buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali shekarar da ta gabata bai fi rabin haka da wani abu ba, kuma janye tallafin mai a Mayun 2023 ya taɓa kuɗin kowace tifar yashi. Babbar 'yar ta ce ba da kuɗin marayu ba. Aka kawo mai ƙiyasta kadarori ya zaga gidan, ya raba musu gardama da ƙa'ida ɗaya: abin da mai saye zai so ya zaɓa da kansa a bar masa, abin da zai tsorata shi a gyara. Tayil zaɓi ne, wata ma ta zo ta ce launin bai yi mata ba a fasa. Danshi tsoro ne.

Kuɗin aikin daga hayar shagunan da ta taru aka ɗauka, da ɗan abin da mutum biyu suka ranta. Aka sayi littafi, ko ƙusa aka saya sai an rubuta, a kan za a cire kafin rabo. Na ga gidajen da aka yi gyara ba littafi, aka sayar lafiya, zumunci ya mutu a wajen lissafi.

Danshin bangon yamma ba daga ƙasa yake tasowa ba kamar yadda kowa ya ɗauka. Indararo ne ya karye tun da daɗewa, ruwan kwano yana zuba daidai gindin bango, kwatar da ya kamata ta fitar da shi kuma ta toshe da ƙasa da leda. Mai fenti ya ce a bar masa, zai shafe da fulasta ya bi da fenti mai maiƙo, in aka sayar kafin damina ba wanda zai gani. Ba ƙarya ya yi ba, haka ake yi kullum. Hajiya ce ta hana, ta tuna musu hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji lema a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ko a fuskar shari'a ma dabarar mai fentin asara ce. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ɗan ƙarami da ba a kula shi, matsakaici da ake rage kuɗi saboda shi, da babba, irin bangon da ake tsoron faɗuwarsa, wanda mai saye zai iya mayar da gida a ba shi kuɗinsa. Ka yi tunanin a ce a mayar da kuɗin da aka riga aka raba wa mutum takwas.

Don haka aka kankare fulastar har zuwa ƙugu, aka bar bulo tsirara ya sha zafin bazara, daga Maris har zuwa Mayu. Sannan aka sake yaɓe, aka gyara indararo, aka yi ɗan dakali mai gangare a gindin bangon don ruwa ya guje shi, aka buɗe kwata har waje. Aka kira motar kwasar masai ta zuƙe sokawe, aka sake mata murfi da bututun iska. Kafinta ya hau sama ya canza fallen kwano huɗu da suka ruɓe, sannan aka canza silin da ya yi tabo. Wata darbejiya da saiwarta ta ɗaga katangar baya aka sare ta, aka sake gina wannan sashe. Tsagar da saiwar ta yi a bangon ɗaki na ƙarshe aka ɗinke ta da rodi da siminti, aka kuma yanke shawarar za a nuna wa duk wanda ya zo. Mangwaron tsakar gida ba a taɓa shi ba, sai reshen da ya kwanta a kan rufi.

Abin da ya fi komai daraja a gidan, ba wanda ya taɓa ambatarsa a fitarwa ta farko. Rijiyar ba ta ƙafewa ko da bazara. An rufe ta ne da wani tsohon ƙyaure tun lokacin da guga ya faɗa aka yi ƙyuyar cirowa, gidan ya koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa kamar sauran layin. A Kano, inda unguwanni da yawa sukan daɗe ba su ga ruwan famfo ba, gida mai rijiya mai rai daban yake. Aka kawo masu yasa suka yashe ta, aka yi mata baki da murfin ƙarfe mai kwaɗo saboda yara, aka sa ƙaramin inji, aka wanke tsohon tanki aka haɗa. Kuɗin bai kai na tayil ɗin falo ɗaya ba.

Babbar 'yar ce ta lura da wani abu da mazan ba su gani ba. Maƙwabcin gabas ya ɗaga bene, tagarsa ta sama tana kallon tsakar gidan sosai, daidai wurin wanke-wanke. Mace za ta gane wannan tun kafin ta cire takalmi. Aka ƙara layin bulo uku a wannan katanga, aka ɗora shingen langa-langa a kai. Kicin kuma aka kankare baƙin hayaƙi, aka faɗaɗa taga. Banɗakuna aka canza abin da ya tsage da kawunan famfo. Fenti ya zo a ƙarshe, ruwan madara a ko'ina.

Kwashe kaya ya fi kowane aiki taɓa zuciya. 'Yan gwangwan suka saye Vespa da ƙarafa. Littattafan marigayin aka kai makarantar Islamiyyar unguwa. Tumaki suka koma gidan babban ɗan, amma warinsu bai bi su ba sai da aka haƙe ƙasar turken aka zuba sabon yashi. Hajiya ta koma wajen ɗanta bayan an sha lallashi, shekara arba'in ba wasa ba. Ba a bar gidan haka nan ba kowa, don kango a birni kwana kaɗan ne a zare masa waya da kawunan famfo. Wani jika saurayi ya riƙa kwana a soro, yana shara yana buɗe tagogi. Ba a yi hayar kujeru da gadaje don burge masu zuwa ba, irin yadda ake yi a Amurka da Ingila. Darduma ɗaya a falo ta isa, inda za a zauna a yi magana.

Fitarwa ta biyu

Da gangan aka jira watan Agusta, tsakiyar damina. Masu wayo sun san da damina ake duba gida, to in ka yarda da aikinka gara a gan shi a lokacin da ba ya iya ƙarya. Dillali ɗaya aka ba, da yarjejeniya a rubuce: farashi ɗaya, la'ada kashi 5 cikin ɗari, in ya jawo wasu dillalan daga nasa zai sallame su. Aka ɗauki bidiyo da safe, ana nuna ruwa yana zuba daga famfo. Aka tsayar da lokacin dubawa, bayan la'asar da safiyar Asabar. Aka haɗa kwafin takardu a fayil guda, na asali suna wajen lauya. Babban ɗan ya je ya gaida mai unguwa da limamin layi da maƙwabta na kusa, ya gaya musu an daidaita, an kuma je kotu. Wannan ma shirya gida ne, domin duk mai saye yana fita sai ya tsaya wajen mai shayi ko mai shago ya tambaya. Mai sayen gida kamar mai neman aure ne, kyau ne ke kiransa, binciken asali ne ke tsayar da shi.

Wanda ya saya ma'aikacin lafiya ne da yake son kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Ya fara zuwa da magininsa washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Maginin bai kalli fenti ba. Ya durƙusa ya shafa gindin bango, ya ƙwanƙwasa fulasta da mukulli yana sauraro, ya leƙa kwata, ya sa aka buɗe masa rijiya. Kafin ya kai ɗaki na ƙarshe babban ɗan ya ce, "Malam, zo ka ga wani wuri," ya nuna masa ɗinkin, ya gaya masa dalili. Bayan kwana biyu matar ta zo da yayarta. Ta tsaya a wurin wanke-wanke ta ɗaga kai ta kalli benen, ta tambayi inda ake shanya, ta ɗanɗana ruwan rijiyar.

Ya nemi ragi saboda tsagar, aka rage masa kaɗan. Lauyansa ya yi bincike, fayil ya fito fes. Ya ba da kafin alƙalami, aka sa rana, aka biya ta banki a gaban shaidu da mai unguwa, wakilai biyu suka sa hannu, aka shigar da neman amincewar gwamna. Daga fitarwa zuwa sallamawa bai kai wata biyu ba.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Kuɗin da aka sayar ya fi tayin ɗan Kwari nesa ba kusa ba, kuma iyalin suna danganta hakan da gyara. A ganina rabin gaskiya ne. A tsakanin tayin farko da sallamawa hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma kowane fili a Kano ya tashi ko an share shi ko ba a share ba. Wani kaso na ribar, darajar naira ce ta zube. Abin da shirin ya saya musu a zahiri shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin da suka faɗa da wanda aka biya ta zama 'yar kaɗan, cinikin ya yi sauri, kuma ba wanda ya dawo da ƙorafi. Da an gyara takarda tun farko, da wataƙila ɗan Kwarin ya saya da warin tumakin da komai, ƙanin nan mai buƙata ya sami kuɗinsa shekara guda kafin haka.

Akwai kuma abin da aka yi asara. Fentin gaban gida da gyaran get duk sun tafi a banza, don sabon mai gidan ya rushe shago ɗaya ya yi garejin mota tun watan farko. Akwai abin da ba gyaran da zai taɓa shi, layin ba kwalta, kuma mota biyu ba sa wucewa a lokaci ɗaya. Wannan ya zauna a cikin farashi. Da kuma gidan a bakin Titin Zariya ko Titin Gidan Zu yake, inda mai saye zai baje ginin ne ya yi rukunin shaguna, da ko gwangwanin fenti ɗaya bai kamata a saya ba, takarda da iyaka kawai za a gyara.

A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar ta fito da shirin sabunta satifiket na filaye da gidaje, wannan ya faɗa kan sabon mai gidan, kuma da yake fayil ɗin a gyare yake bai nemi magadan su sake sa hannu a wani abu ba. Su kuwa sun koma kotu da littafin nan, aka cire kuɗin aiki da na lauya da la'ada, aka mayar wa mutum biyun da suka ranta kuɗinsu, aka fitar wa Hajiya tumuninta, aka kasa sauran goma.